Ba Yoyo Ba Ne, Gumi Ne

Mu mutanen karkara ba mu iya godiya ba, shi ya sa alheri ba ya daɗewa a hannunmu. Shekara uku cur wani kamfanin sayar da motoci a birnin Kano ya yi yana ɗawainiya da ni da yayana, yana shayar da mu ruwan gora mai sanyi, yana koya mana haƙuri ba tare da ya karɓi kuɗin makaranta ba, amma ko sau ɗaya ban ji Yaya ya buɗe baki ya sa musu albarka ba. Da an ambace su sai tsaki. To ni dai ba za a haɗa da ni a butulci ba. Sunansu ne kawai ba zan kama ba, don mutane ne masu kunya, ba sa son a tona aikin alherinsu. Manajansu ma saboda tsabar kawaici, ko sau goma ka kira wayarsa ba zai ɗauka ba.

Bayan kakar 2021 abin ya faro. Yaya a ƙasar Kabo yake noma, rani da damina, can wajen dam ɗin Guzu-Guzu, ni kuma ina Gwarzo ina ɗan taɓa saye da sayarwar hatsi. Kuɗin ɗaukar kaya zuwa Dawanau ya ishe mu, rabin ribar a aljihun direbobi take ƙarewa. Sai muka ce mu haɗa ƙarfi mu sayi a-kori-kura tamu ta kanmu. Yaya ya kora bijimansa kasuwar Getso, ni na rabu da wani fili da na daɗe ina tattali. Shi Yaya 'yar Kwatano yake so, irin wadda Bature ya hau ya gaji, wadda kowane bakanike ya san cikinta kamar yadda ya san hanyar gidansu. Ni da na yi boko na ce a'a, sabuwa dal za mu saya, kujerunta a leda.

"Yaya, ai wannan da garanti take zuwa."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Shi garantin, me yake ci?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ba ya cin komai, Yaya. Alkawari ne. Duk abin da ya lalace a cikin shekara 3 ko kilomita 100,000, wanda ya riga cika, su za su gyara kyauta."

Aka ba mu ɗan littafin, takarda mai sulɓi, rubutun ciki ƙanana kamar sahun tururuwa. Na naɗe shi a leda biyu, na sa a akwatin da takardun gonar gado suke.

Ranar wata Talata a sati na tara, yaron da ke share ƙofar gida ya kira ni. A ƙarƙashin motar ga wani ɗigo baƙi a kan ƙasa, bai wuce girman tsohon kwabo ba. Na tura masa ƙasa da ƙafa, na ce wata motar ce ta tsaya a wurin. Washegari ɗigon ya dawo, shi da ƙaninsa. Da dare na shimfiɗa kwalin taliya, da asuba na jawo shi na haska da fitilar waya. Mai mota ya san karatun kwali: ruwa fari tas na na'urar sanyi ne, ba komai, kore ko ruwan hoda na lagireto ne, wanda ya yi baƙi-baƙi, mai santsi a yatsa, wannan baƙin man inji ne. Namu na ƙarshen ne, kuma daidai tsakiyar mota yake sauka, ba ta gaba ba.

A nan na so in yi kuskuren da ƙauyawa suke yi. Na biya wurin wani bakanike da ke bakin tasha, ƙarƙashin darbejiya. Mutumin nan ba shi da farar riga, ba shi da kwamfuta, ba shi da ko kujerar da baƙo zai zauna sai tsohuwar taya. Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin motar da bayansa, bai fi minti uku ba ya fito yana murza yatsa yana shinshinawa.

"Alhaji, ba notin botom filet ba ne, ba filta ba ce, gaskit ɗin sama ma a bushe yake. Oyel sil ne na bayan inji, wurin da ya haɗu da giyabos. Wata 'yar roba ce zagayayya kamar awarwaro, ita ke rungume da wutsiyar kirankishaf. Ita kanta ba tsada, aikin ne da wuya, sai an sauke giya. Ka kawo ta da hantsi, ka karɓa bayan la'asar."

Ji rashin ta-ido! Ciwon da za a shekara uku ana bincikensa a birni, shi a minti uku har ya raɗa masa suna. Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana, na daka masa tsawa. Domin a daren jiya na karanta littafin nan da tabarau, na gane garanti ɗan'uwan alwala ne, abubuwan da ke warware shi sun fi waɗanda ke tsayar da shi yawa. Hannun da ba na kamfani ba ya taɓa noti ɗaya, ya warware. Ka zuba man da ba nasu ba, ya warware. Ka wuce lokacin sabis, ya warware. Bambancin kawai shi ne alwala in ta karye kana iya sakewa.

Saboda haka muka kama hanyar Kano, kamar yadda masu hankali suke yi. Kilomita kusan 70 ce daga Gwarzo: ka ratsa ƙasar Kabo, ka wuce Rimin Gado, Janguza, sabuwar Jami'ar Bayero, Rijiyar Zaki, sannan ka faɗa cunkoson Kabuga. Wallahi duk gajiyar hanya tana gushewa da ka tura ƙofar gilashin nan. Sanyi ya dake ka, ga talabijin, ga kujeru masu laushi, ga wata yarinya mai ladabi tana cewa, "Sannu da zuwa, Yallaɓai, me za a kawo maka?" Ni da a Dawanau ake ce mini "kai mai masara", yau ni ne Yallaɓai. Muka zauna tun hantsi. Muka yi azahar, muka yi la'asar. Gab da a tashi sai ga injiniya, farar rigarsa ko ɗigon mai babu, alamar gwanin da ya wuce taɓa inji da hannu.

"Alhaji, mun duba sosai. Wannan ba yoyo ba ne. Gumi ne."

Yaya ya ce, "Gumi? A cikin hunturun nan?"

Ƙarshen Janairu ne, ko'ina hazo, mu kanmu da rigunan sanyi muka zo. Amma injiniya ya yi mana bayani cikin natsuwa, kuma tun daga ranar nake ganin girman ilimi. Ashe fitar mai daga inji hawa uku ce. Akwai gumi, akwai naso, sannan akwai yoyo. Gumi lafiya ce, shaidar inji yana aiki. Naso abin a sa ido ne. Yoyo kaɗai garanti ya sani. Na tambaye shi ɗigo nawa ne ke mayar da gumi ya zama yoyo, ya ce wannan sai hedikwata. Kafin mu fito sun wanke mana injin da ruwan feshi da sabulu, kyauta, ya fito yana ƙyalli kamar kwanon amarya. Ko alamar mai babu. Ya ce mu ƙara kilomita 1,000 mu dawo a gani.

Da muka cika kilomita dubun muka koma, motar ta haura wata uku a hannunmu. Sai daga baya wani ɗan maƙwabcinmu da ke karatun lauya ya nuna mini hikimar da ke ciki. Akwai dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta tarayya, ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. A cikinta an ce kayan da aka sayar maka in ya zo da aibi, kana da wata uku ka mayar, mai kaya ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo maka da kuɗinka. Ka ga da injiniya ya yi gaggawar furta kalmar yoyo a watan Janairu, da ya jefa mu cikin rigimar mayar da mota da lissafin kuɗi da ɓacin rai. Sai ya rufa mana asiri. Ya bar wata ukun ya wuce lami lafiya, sannan a zuwa na biyu ya yi wa motarmu ƙarin girma daga gumi zuwa naso.

A hanyar komawa Yaya ya dame ni da karatun zaure. Shi ya yi Risala a wurin malaminsu, kuma bai manta babin ciniki ba. Ya ce malamai sun yi magana a kan mutumin da zai ƙi tatsar saniyarsa ko akuyarsa kwana biyu kafin ranar kasuwa, don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Wannan algus ne, kuma wanda ya saya yana da ikon mayarwa. Haka duk kayan da aka gano tsohon aibi a jikinsa bayan ciniki. Ya ce ko a Getso, ka sayi sa ka kai gida ka tarar yana da ciwon da aka ɓoye, dillalin da ya ci la'ada shi zai taka ya je ya warware maganar, don gobe ma kasuwa ce, kuma an san gidansu.

"To wanke injin nan da suke yi kafin su nuna mana, meye bambancinsa da ƙin tatsar saniya?"

Na ce, "Haba Yaya. Waccan don a nuna akwai ake yi, wannan don a nuna babu. Ai ba ɗaya ba ne."

Kuma ina za a haɗa dillalin shanu, mai sanda da malfa, da kamfani mai tambari? Dillali ba shi da inda zai ɓuya, shi ya sa yake cika alkawari. Kamfani kuwa yana da reshe, reshe yana da hedikwata a Legas, hedikwata tana da uwar kamfani a ƙetaren teku. Alkawarin da ke da iyaye da kakanni haka ai ya fi ƙarfin a cika shi da garaje.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne ba sa maimaita dalili. Bakaniken tasha magana ɗaya yake nanatawa, oyel sil, oyel sil, kamar aku. Su kuwa kowane zuwa da sabon ilimi za ka koma. A zuwa na uku aka tuna mana gurɓataccen fetur ɗin nan mai sinadarin methanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022, aka ce wa ya sani ko mun sha. Yaya ya ce fetur ta tanki yake bi, man da ke zuba kuwa ta bayan inji, aka ce masa jiki ɗaya ne, ciwon kai ma yana saukowa ƙafa. A na huɗu laifin hanya ne: titin Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi ana ta aikinsa, ga ƙura, ga ramuka, ga ratse, kuma littafi ya ce garanti bai shafi amfani da mota a mawuyacin yanayi ba. Wato duk wanda ke zaune yamma da Janguza a mawuyacin yanayi aka haife shi. A na biyar manaja da kansa ya fito, mutum mai fara'a, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Alhaji, me kuke ɗauka a motar nan?"

"Buhunan masara, ranka ya daɗe. Wani lokaci albasa da tumatir."

Ya dubi injiniya, injiniya ya dube shi, suka girgiza kai tare cikin tausayi. "Ai ka ji. Kaya kuke ɗora mata."

Kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina ganin a-kori-kura, ban taɓa sanin buɗaɗɗen bayan nan nata don shan iska aka yi shi ba.

Sai kuma awon mai. Suka cika inji, suka manna wa murfin da sandar awo wata 'yar takarda mai tambari don kada mu ƙara a ɓoye, suka ce mu yi tafiya mu dawo. Muka dawo, aka auna, aka buɗe mana shafin da ya ce inji yana iya cin mai har lita ɗaya a kilomita 1,000 ba a kira shi mara lafiya ba. Wannan gaskiya ne, akwai littattafan motoci da suke faɗin haka. Sai dai su man da inji ke ƙonawa a ciki suke nufi, mu kuwa namu a ƙasa yake sauka, kaji suna taka shi. Na so in faɗa, sai na ga bai kamata baƙo ya gyara wa mai gida karatu ba. Tamu ba ta kai lita ba, saura ƙiris. Aka taya mu murna.

Duk wannan fa ban da sabis. Kowace kilomita 5,000 dole mu kai ta can, a juye mai, a canza filta, a buga mana hatimi a littafi, a kuɗin da zai yi sabis uku a bakin tasha. Bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafi fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, zuwa Kano da dawowa kaɗai ya zama abin da sai an yi shawara. Wata rana muna tsaye a gidan mai a Rimin Gado, Yaya yana ƙirga kuɗi, bai ko kalle ni ba ya ce, "Ka ce ba ya cin komai." Ban tanka ba. Mutumin da bai yi boko ba, da wuya ka fahimtar da shi bambancin ci da kulawa.

A shekara ta biyu Allah ya kawo sauƙi: aka yarda a ɗauki hoto a tura hedikwata. Aka ce mu bar motar. Kwana 26 ta yi a wurinsu, a inuwa, ba kaya, ba rami, ba ƙura. Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa samun hutu irin wannan ba. A lokacin tumatirin Yaya ya nuna, muka koma bin direbobin da muka gudu dominsu, wanda bai samu mota ba ya ruɓe a bakin gona, amma wannan ai ƙaddara ce. Abin lura shi ne motar da ke tsaye ba ta cin kilomita, wato suna tattala mana dubu ɗarin nan tamu. Kwanakin shekara ukun ne dai suke tafiya, su kuwa kwanaki ba kamfani ne ya halicce su ba. Daga ƙarshe hedikwata ta ce hoton bai fito ba. Ba mamaki, an wanke injin kafin a ɗauka.

Zagaye na biyu hoton ya fito, aka ce an amince, za a yi odar robar daga waje. A kasuwar Ƙofar Ruwa akwai irinta a rataye kamar ƙuli-ƙuli, amma wa zai sa wa motar garanti robar Ƙofar Ruwa? Tamu sai ta hau jirgin ruwa. Tana cikin kwantena, in ji su. Kwantena tana Apapa. Sannan dala ta tashi, wadda gwamnati ke sayarwa naira ɗari huɗu da wani abu ta haura 700 a tsakiyar 2023, a farkon 2024 ta wuce 1,500, aka ce an dakatar da oda sai kasuwa ta daidaita. Da robar ta iso, ta gaban inji ce aka aiko, ba ta baya ba. Yarinyar nan mai ladabi ta ba mu haƙuri, ta ƙara mana ruwa, har da biskit.

Wani lokaci nakan tausaya wa mutanen Amurka. Tun 1975 suke da dokar Magnuson-Moss, wadda ta hana kamfani ya soke maka garanti don kawai ka yi sabis a wani gareji ko ka zuba man da ba nasa ba, sai in ya nuna abin da ka yi ne ya jawo ɓarnar. Motar da ta fito da aibi lemun tsami suke kiranta, kuma tun da jihar Connecticut ta fara a 1982 jihohinsu suka bi sahu da dokoki a kanta. A Kalifoniya, in aka gwada gyara abu ɗaya sau huɗu bai yi ba, ko mota ta kwana sama da 30 a gareji cikin wata 18 na farko, magana ta koma ta canza mota ko mayar da kuɗi. Dubi irin wannan yanke zumunci. Sau huɗu kacal, sai a raba mutum da kamfaninsa! Mu sau goma sha ɗaya muka je a kan ɗigon nan, ban da na sabis. Na san sunan 'ya'yan maigadi. Na san ranar da mai shayin ƙofar yake zuwa ƙauye. Da a Kalifoniya muke, da duk wannan arziƙin ya wuce mu.

A shekarar 1975 ɗin nan dai aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma mahaifinmu ya yi zamani da 504 a-kori-kura. Ban taɓa ganinsa da littafin hatimi ba. In ta yi tari, duk garin da ya tsaya akwai wanda ya san maganinta. Zamanin duhu ke nan, mota tana lalacewa a gyara ta a ranar, ba wanda ya samu damar koyon komai.

Ɗan lauyan nan ya matsa mini in kai ƙara, ko FCCPC ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Jihar Kano. Na ce in kai ƙarar mutanen da ke kirana Yallaɓai? Ya ce to aƙalla in kawo takardun da ake ba mu duk zuwa, ya gani. Na kwaso su a leda. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana canzawa. Kowace takarda abu ɗaya ta ce: an duba mota, an wanke inji, lafiya lau. Ba inda aka rubuta abin da ya kawo mu. A ƙasan kowace kuma ga sa hannuna, raɗau, wurin da aka ce kwastoma ya gamsu.

"Baba, ba ka taɓa cewa su rubuta ƙorafinka da bakinka ba? Kwanan wata, da kilomita, da cewa mai yana zuba? Ko hoton kwalin nan ba ka ɗauka ba?"

Na ce ban ga dalili ba, tunda duk mun san juna. Ka ga wani alherin kuma: sun kare wa motarmu mutunci. Duk wanda ya karanta tarihinta a rubuce zai rantse ba ta taɓa ko atishawa ba.

Kada a zaci a banza man yake tafiya. Da kwali ya gaza, tsohuwar tasa muka riƙa turawa ƙarƙashinta. Kowa ya san baƙin mai maganin gara ne. Azarar rumfata, ƙofar rumbun Yaya, turken awaki, duk an shafe su. Wani kafinta a layinmu kullum Juma'a yake zuwa da gwangwaninsa. Mai sayar da man inji a tasha ya saba da ni har yana ba ni bashi, galan guda kullum yana bayan kujera. Yara sun daina ɓata in an aike su gonar Yaya, sai su bi ɗigo. Mota ɗaya tana ciyar da unguwa, wani kuma yana zaune yana tsaki.

Wajen ƙarshen shekara ta uku ta fara wani sabon hali. In ta ɗauki kaya ta zo hawa, sai inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba, ga wani ƙauri. Na kira kamfani, aka ce robar gaskiya tana hanya.

Garantinmu ya cika a Nuwamban 2024. Kwana huɗu bayan nan, da sassafe, wayata ta yi ƙara. Manaja ne da kansa, karo na farko a tarihi. Kaya sun iso, mu kawo mota. Muka je. Wannan karon ba a wanke inji ba, aka ɗaga ta sama, aka kira mu har cikin gareji, wurin da a da aka ce doka ta hana kwastoma shiga. Injiniya ya haska fitila, ya kama baki.

"Subhanallahi! Alhaji, wannan ai yoyo ne. Yoyo sosai. Ya aka yi kuka bar ta haka? Man ya jiƙa kulocin gaba ɗaya, shi ya sa take zamewa. Sai an canza duka."

Na ji daɗi har cikin raina. Shekara uku muna jiran motarmu ta kai wannan matsayi, ga shi ta kai. Ya miƙo takardar kuɗi, shafi biyu. Yaya ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa duk da ba ya karanta boko, ya tambaye ni jimillar. Na faɗa masa a kunne. Ya ce, "Bijimi biyu ke nan." Ya ajiye takardar a kan teburin a hankali, ya ɗora gorar ruwansu a kai don kada iska ta ɗauke, ya miƙa hannu aka ba shi makulli.

Washegari da hantsi tana ƙarƙashin darbejiya. Bakaniken bai ce mini komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya sa yaronsa a motar haya zuwa Ƙofar Ruwa, shi da sauran suka sauke giya a kan tsohuwar katifa. Yaro ya dawo bayan azahar da roba da faifan kuloci. Ana kiran magariba ya tayar da ita. Bai cika alkawarin la'asar ba, a rubuta wannan a kansa. Ya kawo tsohuwar robar a tafin hannunsa, ya nuna mana wurin da leɓenta ya naɗe ciki.

"Tun ranar da aka sa ta a kamfani haka ta shiga, Alhaji. Ba hanya ba ce, ba kaya ba ne."

Yaya ya karɓe ta, ya goge da gefen rigarsa, ya sa a aljihu. Yanzu tana rataye a ƙusa a zaurensa, kusa da carbi.

Tun daga ranar ƙofar gidana ta bushe ƙaf. Kafinta ya zo Juma'a biyu ya koma da gwangwaninsa wayam, yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi. Mai man tasha yana ganina yake kau da kai. Gara ta dawo rumfa. Wannan duk aikin mutum ɗaya ne mai datti a farce, wanda ko ruwa bai ba mu ba.

Su kuwa mutanen kirki ba su riƙe mu a zuci ba. Da ƙaramar Sallah saƙonsu ya shigo wayata, suna yi wa Yallaɓai barka, suna kuma sanar da shi cewa an fito da sabon tsari: wanda garantinsa ya ƙare zai iya biya a ƙara masa shekara biyu. Na hau babur na tafi har gona na karanta wa Yaya. Yana tsugune yana gyara bakin kwarin ruwa, bai ɗago ba.

"Ka ce musu ya ƙoshi."